Bayani A Kan Dalma Da 'Yan'uwanta, Da Yadda Suke Taruwa Su Ci Jikin Ɗan Adam

 Ga wata magana da ta kamata kowane mai gida ya sani, ya kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba, gama ta shafi lafiyar 'ya'yanmu da hankalinsu. Maganar kuwa ita ce ta waɗansu ma'adinai masu guba da likitoci ke kira ƙarafa masu nauyi. Manyansu huɗu ne: dalma, da zaiba wanda Turawa ke kira makuri, da asanik wanda Larabawa suka sani da sunan zarnihi, da kadmiyam. Kowane ɗaya cikinsu ya isa ya kwantar da mutum shi kaɗai. To, ina ga sun haɗu a jiki ɗaya? Wannan ita ce mas'alar da za mu warware a yau.

Fasali na farko: abin da ya auku a Zamfara

A farkon shekarar 2010 mutanen waɗansu ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum suka ga agwaginsu suna ƙarewa, ba wanda ya kula ƙwarai. Ba a jima ba sai ciwo ya faɗa wa ƙananan yara: amai, da ciwon ciki, da jijjiga, da suma, daga nan sai mutuwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, aka ba da maganinsu, bai yi ba. A watan Maris na shekarar, likitocin ƙungiyar nan ta Na Gari Na Kowa, watau MSF, suka lura da yawan yaran da ke mutuwa. Da aka auna jinin yaran, sai aka tarar dalma ce.

Dalilin abin kuwa shi ne, kuɗin zinariya a kasuwar duniya ya ninka fiye da sau huɗu tsakanin 2001 da 2010, sai manoma suka shiga haƙar dutsen zinariya. Su kan kawo shi gida cikin buhu, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe dutsen nan cike yake da dalma. Masana daga hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, Dareta da Yargalma, suka ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar. Cikinsu 118 sun rasu a shekara ɗaya, watau rubu'insu. Waɗanda aka auna jininsu cikin rayayyu, 97 cikin 100 dalmar jikinsu ta kai matsayin da dole a ba da magani da gaggawa. A waɗansu wurare kuwa, kilo goma na ƙasar wurin, fiye da kilo ɗaya dalma ce. An ƙiyasta yaran da suka rasu a wannan annoba sun wuce 400. Aka kankare ƙasar ƙauyuka bakwai aka zuba sabuwa, amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi nata aikin. A 2015 kuma irin wannan ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, aka ba da labarin rasuwar yara 28.

Dalma ce ta yi kisan, babu shakka. Amma da masanan ma'adinai na Amurka suka binciki ƙurar ƙauyukan, suka buga sakamakonsu a 2013, sai ga shi dalma ba ita kaɗai ta shiga gidajen ba. Akwai asanik da manganis cikin dutsen, ga kuma zaiban da ake kama zinariya da shi. Yaron da ya sa hannu mai ƙura a baki, gauraye ya haɗiye.

Fasali na biyu: ƙwayar halitta

Ku sani jikin mutum an gina shi ne da waɗansu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani sai da madubin likita. A shekarar 1665 wani Bature na Ingila, Robert Hooke, ya leƙa ɓawon itace da irin wannan madubi, ya ga ɗakunan, ya sa musu suna. Mu muna kiransu ƙwayoyin halitta, masana kuwa sun ƙiyasta akwai wajen tiriliyan 30 a jikin baligi.

Kowace ƙwaya tamkar birni ce. Tana da ganuwa, watau wani tantani mai ƙofofi da ke zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. Tana da maƙeru inda ake ƙona abinci da iskar da muka shaƙa a fitar da ƙarfi, sunansu mitokondiriya. Tana da ma'aikata dubbai da ake kira inzayim, kowanne da sana'arsa. A tsakiyarta kuma akwai littafi, Di-En-E, wanda aka rubuta da haruffa iri huɗu kacal, amma tsawonsa ya kai haruffa wajen biliyan 3, a cikinsa aka tsara yadda za a yi kowane aiki. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu, sai an kwafe littafin nan duka, kuma akwai masu bin rubutun suna gyara kuskure, kamar yadda malami kan duba allon almajiri kafin ya biya.

Ma'aikatan nan suna bukatar waɗansu ma'adinai na kirki kaɗan kaɗan: kalsiyam domin ƙashi da saƙon jijiya, da sinadarin ƙarfe domin jan jini, da tutiya, watau zink, domin ɗaruruwan inzayim. Amma dalma da zaiba da kadmiyam, ba a san wani aikin alheri da suke yi wa jikin mutum ba ko ɗaya.

Fasali na uku: yadda kowanne ke ɓarna

Kowane ɗan kasuwa ya san jabun kuɗi ba ya shiga aljihu sai domin ya yi kama da na gaske. Haka dalma take. Ta yi kama da kalsiyam, saboda haka mai tsaron ƙofa ya kan buɗe mata, ta shiga ƙashi ta zauna, ta shiga ƙwaƙwalwa ta rikita saƙon da jijiyoyi ke aika wa juna, wanda da shi ne yaro ke koyo yana riƙewa. Ta kan kuma ture tutiya daga inzayim ɗin da ke haɗa jan jini, sai yaro ya ɗashe. Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa, ga shi kuwa ƙwaƙwalwarsa tana cikin ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Zaiba shi kuwa maƙalewa ya ke yi. Da yawa cikin inzayim suna da ɗan hannu na kibiritu da suke aiki da shi, to, zaiba ya kan kama hannun nan ya riƙe tam. In an ƙona shi, hayaƙinsa ba launi ba wari, huhu kuwa ya kan riƙe wajen kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa, ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda. Alamunsa su ne karkarwar hannu, da mantuwa, da rashin barci, da saurin fushi, da ciwon dasashi.

Asanik maƙera ya ke nufa. Ya kan tsayar da inzayim ɗin da ke shigar da abinci cikin wuta, sai ƙwaya ta rasa ƙarfi alhali abinci na nan. Kadmiyam kuma ya yi kama da tutiya, ya kan hau kujerarta bai iya aikinta ba, sa'an nan ya tare a ƙoda, inda sai an yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Dalma rabinta kan bar jini cikin wajen wata ɗaya, amma wadda ta shiga ƙashi ta kan yi shekaru da yawa. In mace ta sami ciki, jikinta ya ɗebo kalsiyam daga ƙashi domin ɗan tayi, sai tsohuwar dalmar ta biyo, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jaririn da bai taɓa ganin ƙura ba.

Fasali na huɗu: in sun haɗu

Nan ne gundarin maganar, sai a karanta a hankali. Haɗuwarsu tana ƙara ɓarna ta fuska huɗu.

Ta farko, ƙofarsu ɗaya. A hanji akwai wata ƙofa da aka yi domin sinadarin ƙarfe. In jiki ya rasa ƙarfe, saboda ƙarancin abinci ko tsutsar ciki ko yawan haihuwa, sai ya ƙara buɗe irin ƙofofin nan yana nema. Kadmiyam da manganis da dalma kuwa duk su kan bi ta nan. Saboda haka yara biyu za su yi wasa a ƙura ɗaya, mai ƙarancin ƙarfe ya kwashi fiye da ɗan'uwansa, dalmar da ya kwasa kuma ta sake rage masa jini.

Ta biyu, ma'ajin kariya ɗaya ne. Kowace maƙera tana tartsatsi, haka mitokondiriya kan fitar da waɗansu ɓurɓushin iska masu cin abu kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ƙwaya tana da wani sinadari mai suna gulutatayon da ta ke kashe tartsatsin da shi, da shi ne kuma ta ke ɗaure ƙarafa masu guba ta fitar. Ku kwatanta da attajiri mai jari daidai gwargwado. In mai bin bashi ɗaya ya zo, ya biya, gobe ya mayar da gurbi. In huɗu suka zo rana ɗaya, kowanne da ɗan abin da ya ke bi, sai ka ga an rufe kanti, ko da ya ke ba wanda bashinsa kaɗai zai iya karya shi. Zaiba ya ci gulutatayon, asanik ya ci, kadmiyam da dalma su ci, sai tartsatsi ya rasa mai kashe shi, ya huda ganuwa, ya lalata ma'aikata, ya ƙona gefen littafi.

Ta uku, wani ya ɓata, wani ya hana gyara. Kuskure a littafin ƙwaya abu ne na kullum, masu gyara kuwa suna biye. To, da yawa cikin masu gyaran nan da tutiya suke riƙe littafin, asanik da kadmiyam kuwa su kan ture tutiyar. Ga kuskure ya yawaita saboda tartsatsi, ga mai duba allo an ɗaure masa hannu. In aka kwafe littafi da kuskurensa, aka sake kwafewa daga kwafen, wata rana sai a sami ƙwayar da ba ta san ta daina rabuwa ba, wannan kuwa shi ne mafarin ciwon daji. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta ƙasar Faransa ta sa asanik da kadmiyam a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna kawo shi ga mutum.

Ta huɗu, masaukinsu ɗaya. Dukansu huɗu suna cutar da ƙananan bututun ƙoda, ƙoda kuwa ita ce babbar mafitar guba. In kadmiyam ya raunana ta, sai ta gaza ɗaukar nauyin da sauran suka ɗora mata. A ƙwaƙwalwar yaro kuma dalma da zaiba da asanik da manganis suke haɗuwa. Ƙwayar da ɓarna ta yi mata yawa ta kan rushe kanta da kanta domin kada ta cuci maƙwabta. A fata ko hanji wata kan maye gurbinta, amma yawancin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa in sun tafi sun tafi ke nan.

An gwada wannan. A 1978 waɗansu masana a Amurka suka yi wa ɓeraye allurar zaiba gwargwadon da ba ya kashe fiye da ɗaya cikin 100, suka haɗa da ɗan abin da bai wuce kashi ɗaya cikin 20 ba na irin wannan gwargwado na dalma, sai ɓerayen suka mutu duka. Wannan gwajin dabba ne da allura, ba a auna mutum da shi kai tsaye, amma ya nuna lalle sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 2012 kuma aka buga binciken da aka yi kan jarirai a birnin Meziko, inda aka ga cutarwar dalma ga hankalin yaro ta fi tsanani ga waɗanda manganis ya yi yawa a jininsu. Wani lokaci ɓarnar biyu ta kan taru ne kawai kamar lissafin ɗaya da ɗaya, wani lokaci ta kan ninka, wani lokaci kuma ma'adini na kirki ya kan rage kaifin mugu, kamar yadda tutiya ke tare wa kadmiyam hanya. Abin lura shi ne, iyakokin da hukumomi suka yanka ɗaya ɗaya aka yanka su. A ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mikirogiram 10 cikin lita ga dalma, 10 ga asanik, 6 ga zaiba, 3 ga kadmiyam, mikirogiram kuwa shi ne giram ɗaya a raba gida miliyan. Amma jiki gaba ɗaya ya ke karɓarsu.

Fasali na biyar: ƙofofin da suke shigowa gidajenmu

Kada mai karatu ya ce tsakaninsa da Anka akwai nisa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A jiharmu ta Kebbi ma ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri, samari kuma su kan tafi cin rani wuraren haƙa su komo da tufafi da buhuna masu ƙura. Mai sayen zinariya da ke ƙona dunƙulen zaiba cikin shago domin ya ga tsantsarta, shi da maƙwabtansa ne ke shaƙar hayaƙin. Irin wannan ƙaramar haƙa ita ce ke fitar da fiye da sulusin zaiban da ɗan Adam ke sakewa cikin iskar duniya.

Zaiban da ya faɗa ruwa kuwa ya kan rikiɗe ya taru a naman kifi. Haka ta faru a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wani kamfani ya daɗe yana zubar da dattinsa a teku, masunta da iyalansu suka shanye, aka haifi yara naƙasassu. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya ta rage zaiba a 2013, Nijeriya kuwa tana ciki. A lardin Toyama na Japan ɗin, ruwan kogin Jinzu ya kwaso kadmiyam daga mahaƙa ya kai gonakin shinkafa, masu cinta suka yi ta fama da ciwon ƙoda da karyewar ƙashi, gwamnatinsu ta amsa dalilin a 1968. Mu da arzikinmu ya rataya ga fadama da gulbi, wajibi ne a hana wanke dutse kusa da ruwan ban-ruwa da na su.

Sai kwalli. Ismidi da littattafan tibbi suka ambata, masana sun fi tafiya a kan dutsen antimoni ne. Amma da yawa cikin baƙin dutse mai walƙiya da ake niƙawa a sayar, dutsen dalma ne, ido kuwa da wuya ya rarrabe. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, da aka auna tozalin da aka kai masa daga Nijeriya sai aka tarar kashi 82 cikin 100 da ɗoriya dalma ce. Jariri ya kan murza ido ya sa hannu a baki, ta nan ta ke shiga.

Sauran ƙofofin su ne tsohon batir ɗin mota da ake fasawa a narke dalmarsa, da tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe in an cuɗa da abin da ke da dalma, da waɗansu mayukan bilicin da ake sa wa zaiba, da taba sigari mai ɗauke da kadmiyam. Gida ɗaya na iya haɗa uku cikin waɗannan ba wanda ya sani.

Fasali na shida: abin yi

Ga mahaƙa da iyalansu: kada dutse ya shigo gari, balle tsakar gida. A niƙa shi da ruwa domin ƙura ta kwanta, a yi wanka a sake tufafi kafin a komo, kada turmi ko injin da ya taɓa dutse ya taɓa hatsi, kada yaro ko mai ciki su kusanci wurin. In dole ne a ƙona zaiba, a yi a fili nesa da mutane, cikin tukunyar nan mai murfi da bututu wadda ke kama hayaƙin ya koma ruwa, ga lafiya ga kuma rage asara.

Ga 'yan kasuwa: ku tambayi asalin buhun da za ku zuba gero ko shinkafa, kada ku karɓi wanda ya ɗauki dutse ko da kyauta ne. Ku guji man shafawar da ba shi da lambar hukumar NAFDAC. Mai sayar da kwalli ya gaya wa mata kada a sa wa jariri a ido ko a cibiya. Maƙeri ya ware batir da dalmar liƙi daga abin da zai zuba tukunya.

Ga iyaye mata: a wanke hannun yaro kafin ci, a yayyafa ruwa kafin shara, kada a bar shi ya wuni da yunwa, gama cikin da ba kome ya fi tsotse dalma. Wake, da zogale, da hanta, da nama, da nono suna cike gurbin ƙarfe da kalsiyam da tutiya, su rage wa jabu wurin zama. Amma nono abinci ne, ba ya wanke gubar da ta riga ta shiga.

Ga malamai kuwa, ku ne kuka fi kowa ganin hankalin yara, kullum suna gabanku da allo. In kun ga yaron da ya ɗashe, ga yawan ciwon ciki, ga fushi, ga abin da aka biya masa da safe ya zube kafin azahar, ku binciki sana'ar gidansu kafin ku ɗauki bulala. In akwai haƙa ko batir ko narka ƙarfe, a kai shi asibiti, a gaya wa likita sana'ar, a nemi gwajin dalma. Akwai maganin da ke ɗaure dalma ya fitar da ita ta fitsari, shi aka bai wa dubban yara a Zamfara, ya ceci rayuka, amma sai a hannun likita, kuma ba ya amfani in yaro ya koma cikin ƙurar, ba ya kuma mayar da ƙwayar ƙwaƙwalwar da ta riga ta mutu. Saboda haka a nan rigakafi ya fi magani nesa ba kusa ba.

Muna roƙon hakimai da dagatai da limamai su isar da wannan bayani a kasuwa da majalisa da wurin suna, musamman ga mata, domin su ne ke riƙe da turmi da tandun kwalli. Allah ya kiyaye mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Haza wassalam.